Maganaɗisu a Ka, Ba Tsaga Ba Ƙaho

Ku gyara zama, mutanen Rimin Gado. Na san halinku sarai. Tun ban gama sallama ba wani ya riga ya taɓe baki, wani kuma ya tura hula gaba yana cewa, "To, yau ma Bazazzage ya zo da sabuwa." E, da sabuwa na zo, kuma ba zan rage mata komai ba don gudun dariyarku. Akwai likitocin da ke ɗora wa mutum naɗin waya a ka, ba aski, ba tsaga, ba ko ɗigon jini, su danna maɓalli, babban yatsansa ya zabura ba da izininsa ba. Da wannan dabara suke neman sassauta wani ciwo mai murɗe wuya, ya ƙandare yatsu, ya runtse wa mutum ido da ƙarfin tsiya alhali idon lafiyarsa ƙalau. A asibiti sunansa distoniya. A majalisarku kuwa an yanke masa hukunci tun tuni: ko iska, ko jifa, ko kuma an kwana a kan wuya.

Bakano ba ya taya abin da bai juya ya duba ba, don haka bari in shimfiɗa hajar kafin a shiga ciniki.

Kowane motsi na jiki aikin tsokoki ne masu gaba da juna. In za ka lanƙwasa hannu, ta gaban damtse ta ja, ta baya ta saki. Ba kai kake tsara wannan ba. Can cikin ƙwaƙwalwa ake raba aikin, a ce wa wannan "ja", a ce wa waccan da maƙwabtanta "ku yi shiru". A distoniya, umarnin yin shirun ne ke raunana, sai kowa ya ja lokaci guda. Ku manoma ne, kun san abin da ke faruwa ranar da shanun huɗa suka ƙi haɗa kai, kowanne ya nufi gabansa: ƙarfi ya ƙare a banza, kunya ta karkace, mai riƙe da garma ya jiƙe da gumi bai kai ƙarshen gona ba. Shanun lafiyarsu lau, umarnin ne bai zo daidai ba. Shi ya sa ciwon ya bambanta da shanyewar ɓarin jiki, don ƙarfi yana nan har ya yi yawa. Ya kuma bambanta da farfaɗiya, don mai shi yana cikin hayyacinsa, yana jin duk abin da kuke faɗa a kansa.

Na taɓa zama kusa da wani alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka, na ga abin da idona. Ya fere alƙalaminsa da 'yar wuƙa tsaf, hannu bai ko girgiza ba. Ya motsa tawada, ya gyara takarda a cinya. Layin farko ya fito kamar an buga. A tsakiyar na biyu sai manuniya ta fara danne alƙalamin, babban yatsa ya miƙe ya sandare, wuyan hannu ya lanƙwashe ciki, gwiwar hannu ta soma ɗagawa kamar mai shirin kare duka. Bakin alƙalamin ya buɗe, tawada ta zuba. Ya ajiye, ya yarfe hannu, ya ɗauki carbi ya ci gaba da ja lafiya lau. Da hannun nan yake cin tuwo, da shi yake ɗaure akuya. Rubutu kaɗai ne ba ya so. To, Allah gafarta Malam, wa zai ga wannan bai waiga ya dubi abokin karatun da suka yi sauka tare ba?

Kada kunya ta kama ku, Turawa ma sun daɗe suna dawurwura a nan. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta labarin ciwon hannun marubuta tun 1713. A ƙarni na 19, da akawu-akawu suka cika ofisoshin Landan, ciwon ya yawaita har wasu suka ɗora laifin a kan sabon alƙalami mai bakin ƙarfe. Hermann Oppenheim, likitan jijiya a Jamus, shi ya raɗa sunan distoniya a 1911, kan yaran da jikinsu duka ke murɗewa. Duk da haka aka shafe shekaru da dama likitoci da yawa suna cewa ciwon marubuta da murɗewar wuya damuwa ce kawai, ko kuma mutum ne ba ya son aikinsa. Sai da David Marsden na Landan ya dage, har shi da abokin aikinsa suka fitar da bincike a 1982, kafin aka yarda cewa tsarin motsi ne ya sami tangarɗa a ƙwaƙwalwa. Ku kun ce aljani, su sun ce lalaci. Ni a ganina naku ma ya fi mutunta marar lafiya.

Abin da ya ruɗe su shi ke ruɗa ku. Mai murɗaɗɗen wuya zai ɗora yatsa ɗaya a haɓa, ɗorawa kawai ba turawa ba, sai wuyan ya dawo daidai na ɗan lokaci. In ya yi barci, murɗewar ta lafa. In ya shiga taro ana kallonsa, ta ƙaru. Sai uwar miji ta ce, "Ai ni na faɗa, da gangan take yi." Ba da gangan ba ne, Inna. Likitoci sun san wannan taɓawar, har suna tambayar ta don su gane ciwon. Kuma kada wani ya ce mini cutar Turawa ce. A ƙasashen da aka ƙirga, ana samun wajen mutum 16 cikin 100,000 masu irin wadda ke zuwa ita kaɗai, masu ƙirgar ma suna ganin adadin ya fi haka. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarku mutum sama da 100,000, kuma na san ba ku zauna haka nan ba tun lokacin. Daga Gulu zuwa Karofin Yashi, ku yi lissafin da kanku, tunda lissafi gadonku ne.

Yanzu ga Alhaji can a kan benci ya ɗaga hannu. "Malam, maganaɗisu ƙusa yake ja. Kan mutum kuma ba ƙusa a ciki, sai dai ko na Zage-zagi." Na ji, Alhaji, Allah ya bar zumunci. Gaskiyarka ce, in ka ciro maganaɗisun tsohuwar lasifika ka ɗaura a goshi ka kwana da shi, ba abin da za ka samu sai shaida a fata. Sirrin yana cikin sauyi. Michael Faraday ya nuna a 1831 cewa ƙarfin maganaɗisu in yana sauyawa da sauri, yana haifar da lantarki a cikin duk abin da lantarki ke iya bi a kusa da shi. Da wannan ka'ida janaretan mai cajin waya ke aiki, da ita taransifomar unguwa ke aiki ranar da ta ga dama. Ƙwaƙwalwa kuwa jiƙaƙƙen nama ce mai gishiri-gishiri, jijiyoyinta da ɗan lantarki suke aika wa juna saƙo tun ran da aka halicce su.

In kuna ganin sa wa kai lantarki bidi'ar zamani ce, ku tambayi masunta labarin minjirya. Kifin nan na kogunanmu yana iya sakin wutar da ta haura volt 300 cikin ƙiftawar ido, wanda ya taɓa kama shi da hannu ba ya buƙatar a yi masa bayani. Tekun Bahar Rum ma tana da nata kifin mai wuta, kuma wani likitan Rumawa, Scribonius Largus, a zamanin sarki Kalaudiyas, wajen shekara ta 47 miladiyya, ya rubuta cewa a ɗora shi da ransa a kan mai matsanancin ciwon kai har wurin ya yi sanyi. Da wani tsoho ne a bakin kogi ya ba ku wannan sirri, a ce gadon kakanni ne, na rantse da kun biya kuɗin ƙulli ba ciniki.

Matsalar tura wuta kai tsaye ita ce ƙoƙon kai. Ƙashi ba ya barin ta wuce da sauƙi, sai an ƙara ƙarfi, fata kuma ta sha azaba. A 1980 wasu masu bincike biyu a Landan, Merton da Morton, sun yi hakan, hannu ya motsa, amma zafin bai sa mutane sun yi layi ba. Shi kuwa ƙarfin maganaɗisu ƙashi ba ya tare shi. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka haɗa na'urar da ke tara wuta ta sake ta gaba ɗaya cikin naɗin waya, cikin ƙasa da kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ƙarfin ya ratsa fata da ƙashi ba a ji ba, ya tayar da ɗan lantarki a saman ƙwaƙwalwa. A taƙaice ana kiran dabarar TMS.

Ga yadda zaman yake. Za a tambaye ka ko akwai ƙarfe a cikin kanka, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ko ka taɓa farfaɗiya. A zaunar da kai a kujera mai majingina, a ba ka abin toshe kunne. Hula dai dole ta sauka, wannan ba makawa, ko ta kwana nawa a wajen mai wanki. Likita ya ɗauko wani abu mai siffar lamba 8, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, ya kwantar da shi a gefen hagu na kanka, sama da kunne. Sai ka ji ƙas, kamar an ɗan ƙwanƙwasa maka kai da yatsa. Ba abin da ya faru. Ya gusa kaɗan. Ƙas. Ya ƙara gusawa. Ƙas, sai babban yatsan hannunka na dama ya yi tsalle a kan cinyarka, kana kallonsa kamar na wani. Hagu aka taɓa, dama ta amsa, domin jijiyoyin suna tsallakawa ne kafin su sauka. Daga nan ya rage ƙarfi har ya gano mafi ƙarancin da ke motsa yatsan, da shi zai auna abin da zai ba ka. Sai a shiga aikin sosai: bugu ɗaya kowace daƙiƙa, ƙas, ƙas, ƙas, na minti 20 ko 30. Kana farke, kana iya tambayar farashin taki. An gama, ka mai da hularka ka tafi da ƙafarka.

"Ashe dai jona wa mutum wuta ne irin na masu taɓin hankali." A'a, Baba. Wancan daban ne, Cerletti da Bini suka fara shi a birnin Rum a 1938, kuma da niyya ake sa jiki ya yi jijjiga, yau galibi sai an sa mutum barci ake yi. A nan jijjigar ce ake gudu. Takan faru nadiran, shi ya sa ake tambayar farfaɗiya tun farko. Abin da aka fi kuka da shi ciwon kai ne na ɗan lokaci da tsamin fata a wurin da aka buga.

Hikimar gwada ta a distoniya ba ta da wuyar ganewa. An lura bugu a hankali, ɗaya a daƙiƙa, yakan kwantar da zumuɗin wurin da aka buga har bayan an gama, bugu da sauri kuma yakan ƙara shi. Tunda ciwon na rashin yin shiru ne, sai aka ce bari a gwada sa wurin ya yi shiru. Amma akwai cikas. Ƙarfin na'urar ba ya wuce santimita 2 zuwa 3 daga fata, cibiyoyin da aka fi zargi kuwa suna can ƙasa, a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Saboda haka a sama ake bugawa, da fatan saƙon zai bi jijiya ya gangara.

To, ga tambayar da kuke ta ɓoyo a aljihu: "Ya warke?"

A nan zan ɗan rage murya, kada ku ce Bazazzage ya cika baki. A 1999 Hartwig Siebner da abokan aikinsa a Jamus sun gwada bugun a hankali kan masu ciwon marubuta. Wasu sun rage danne alƙalami, rubutunsu ya gyaru, amma sauƙin na sa'o'i ne. A 2005 wasu masu bincike a Japan sun gusa gaba kaɗan, zuwa sashen da ke shirya motsi kafin a yi shi, suka ga alamar da ta fi. A 2014 Giacomo Koch da jama'arsa a birnin Rum sun koma ƙeya, suka yi mako 2 suna buga ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke can ga masu murɗewar wuya. Sauƙin da aka auna wajen kashi 15 cikin 100 ne, kuma bai daɗe ba. Wasu gwaje-gwajen kuma ba su ga komai ba. Yawancinsu mutum 10 ne, 20 ne, wannan ya buga nan, wancan ya buga can, ba a ma daidaita kan wurin da ya kamata ba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar don ciwon damuwa mai tsanani tun 2008, amma ba ta amince da ita don distoniya ba.

Akwai kuma ƙanwarta, mai arha, wadda ba maganaɗisu a cikinta. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗaura a ka, a saki 'yar wuta daga batir, kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na amfiya, abin da ba za ka ji ba sai ɗan ƙaiƙayi. Nitsche da Paulus suka farfaɗo da ita a Jamus a 2000. A Hannover, inda Eckart Altenmüller ya shahara da duba makaɗan da yatsunsu suka yi musu tawaye, gwajin farko bai haifar da ɗa mai ido ba. Sai a 2014 Shinichi Furuya ya haɗa 'yar wutar da atisaye, hannu mai lafiya da marar lafiya suna motsi iri ɗaya a kan fiyano, aka ga yatsun sun ɗan dawo hanya. Makaɗan 'yan ƙalilan ne. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne na'urar ita kaɗai ba ta koya wa hannu komai, sai dai ta ɗan tausasa ƙwaƙwalwa ta karɓi koyarwa. Kuma kafin wani ɗan sakandare a Butu-Butu ya kwance batirin babur ɗin babansa: kul. Ƙuna za ka samu, da duka a kai.

Ina jin shewa daga bayan majalisa. "Mun faɗa! Ashe ba ta warkarwa!" Ku dakata da tafin. Kun ci rabin gardamar, amma da ka kuka ci, ba da karatu ba. Kun san yadda aka gano sauƙin kaɗan ne? Masu binciken ne suka ƙera na'urar bogi, mai ƙara iri ɗaya da ta gaske amma ba ta aika komai ciki. Su raba marasa lafiya gida biyu ba tare da sun san wa ya samu wacce ba, a ɗauki hotonsu mai motsi, a ba wani likita can daban ya ba da maki shi ma bai sani ba. Abin da ta gasken ta ɗara ta bogin, shi kaɗai ake lissafawa. Mutanen nan sun fi ku rashin yarda, kuma kansu suka fara ƙin yarda da shi.

Ku kuwa, masu shakkar Sheffield, ina shakkarku take ranar kasuwa? Mota ta tsaya da lasifika, an buɗe kwamfuta a kan tebur, an miƙo ɗan ƙarfe an ce ka riƙe minti ɗaya. Nan take ta gano maka hanta, ƙoda, sanyin ƙashi da basir, kuma cikin ikon Allah maganin duka huɗun yana cikin but ɗin motar. Ba wanda ya tambayi mutum nawa aka gwada. Awarwaron maganaɗisu mai maganin hawan jini ma na gan shi a hannun mutanen da ke yi mini dariya yanzu. Ku riƙe wannan, don ranar tana tafe da wani zai zo da na'urar tausa mai tsikarar fata, ya ɗora wa mai murɗaɗɗen wuya ya ce irin ta Turai ce. Ranar ku fito da taɓe bakin nan da kuke yi mini, za ta yi amfani.

Ko da ma an wayi gari an kafa ta gasken a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, gwaje-gwajen da suka ɗan nuna alama na zuwa kullum ne, mako ɗaya ko biyu a jere. Ka fito Rimin Gado ka hau titin Gwarzo, ka wuce Janguza da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ka sha cunkoson Kabuga, ka ratsa gari zuwa titin Zariya, ka dawo, gobe ka sake. In abin ya faɗo a tsakiyar damina, gero na jiran maimai, a kan sauƙin kashi 15 da zai gushe kafin kaka, ba sai na gaya muku abin da manomi zai zaɓa ba.

Abin da ya tabbata yana aiki a yau ya fi wannan ban mamaki, in dai mamaki kuke nema. Dafin wata ƙwayar cuta mai lalata abincin gwangwani, ɗaya daga mafi haɗarin dafin da aka sani, shi ake tsarmawa ƙwarai a yi allurarsa cikin tsokar da ke ja fiye da kima, ta ɗan saki. Shi ne Botox, wanda kuka fi jin labarinsa wajen masu gudun tsufa. Amurka ta amince da shi don runtsewar ido a 1989, don murɗewar wuya kuma a 2000. Aikinsa wajen wata 3 ne, sai a sake, yana son firji, kuma yana son aljihu. Da taimakonsa Leon Fleisher, makaɗin fiyano na Amurka da yatsun damansa suka naɗe a 1964, ya dawo kiɗa da hannu biyu bayan shekara 30 da ɗoriya. Ga wanda jikinsa duka ya murɗe kuma, akwai aikin da ake huda ƙoƙon kai a zura siririyar waya har cikin cibiyoyin nan na ƙasa, a binne batir a ƙirji. Wani gwaji a Faransa da aka buga a 2005 ya nuna sauƙin kusan rabi bayan shekara guda. Gudun wannan hudar ce ta sa ake ta wahala da maganaɗisu.

Akwai kuma ƙwaya, kuma a nan ne zan ga wanda zai sunkuyar da kai. Ɗaya daga tsofaffin magungunan distoniya shi ne benzhexol. Ba ku san shi ba? Exol fa? Yauwa, ga murmushi ya ɓace. Ƙwayar da hukumar NDLEA ke kamawa katan-katan, wadda samari ke watsawa don su ga abin da babu, magani ce ta gaske da likita ke farawa kaɗan-kaɗan yana ƙarawa, musamman ga yara, waɗanda suka fi manya jure ta. Ga dattijo takan busar da baki, ta dusashe gani, ta riƙe fitsari, ta rikita tunani. Don haka kada wani ya ce Bazazzage ya ba da fatawa a aiki yaro bayan tasha.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya buƙatar na'urar kowa. Yarinya ta yi zazzaɓi da amai, an je kemis an haɗo magani, ciki har da na tsai da amai irin metoclopramide. Washegari ko jibi sai wuyanta ya karkace baya, ido ya kafe sama, harshe ya fito, haƙora suka datse. Tana ji, tana gani, tsoro ya cika ta. Gida ya rikice, a kawo hayaƙi, a fara tambayar wa ta gamu da shi a bakin rijiya da magariba. Wannan distoniya ce ta farat ɗaya, maganin ne ya jawo ta, kuma wasu magungunan taɓin hankali irin haloperidol ma suna yin haka. A asibiti allura guda kan sake ta cikin mintuna. In ba a je ba, sau da yawa takan lafa da kanta yayin da maganin ke fita daga jiki, sai wanda ya zo ƙarshe ya kwashe yabo da kaza. Wani lokaci kuwa takan taɓa maƙogwaro, numfashi ya yi wuya, wannan ba abin jira ba ne. Addu'a ba ta hana ɗaukar kwalin maganin a nufi asibiti da shi.

Sai shawarar jarirai. Jariri ya yi rawaya a kwanakin farko, ido ya yi ɗorawa, ya rage kama nono. Mai jego ba ta fita kafin suna, ɗaki kuma da duhu, sai a ce a ɗan shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan gulukos. In abin da ke sa rawayar ya yi yawa a jini, yakan shiga ƙwaƙwalwa ya lalata cibiyoyin nan na ƙasa da muke ta magana, yaro ya tashi jikinsa na murɗewa har abada, sau da yawa da raunin ji, alhali hankalinsa na iya zama garau. Akwai jariran da jininsu ke saurin fashewa ta gado, a gare su kafur ɗin da ake sawa cikin kayan jariri don ƙamshi ma kan tayar da abin. Maganin a kan lokaci fitila ce mai shuɗin haske a asibiti, in ya yi tsanani a sauya jini. Hajiya, ragon suna zai jira, shawara ba ta jira. Ita wannan murɗewar, in ta riga ta zauna, har aikin huda kan ma ba ya yi mata abin da yake yi wa sauran.

Wata irin distoniyar kuma ta cancanci a san ta ko da ba ta da yawa. Yaro, galibi mace, ta tashi da safe tana tafiya daidai, kafin la'asar ƙafa ta murɗe ciki tana jan ta, ta yi barci ta tashi garau. A gida a ce ƙiwar aike ce. Wani likitan yara a Japan, Masaya Segawa, ya bayyana ta a shekarun 1970, kuma 'yar ƙwayar levodopa kaɗan takan miƙar da mai ita kamar ba a yi ba, shekara da shekaru. Likitan jijiya ne zai gwada, shi ma sai in an kai masa yarinyar.

In za a kai, a tafi da shiri, domin ciwon nan yana da wulaƙanci. Ka sha hanya tun asuba, ka yi layin kati, ka shiga gaban likita, wuya ya miƙe sumul kamar bai san ka ba. Saboda haka wayar nan da ake kallon Kannywood da ita a ɗan ba ta aiki: a ɗauki mutum lokacin da abin ke kansa, yana rubutu, yana tafiya, da safe da kuma yamma, da inda yake taɓawa ya ji sauƙi. A zuba duk kwalayen maganin da ya sha a leda, har wanda aka sayo a kan tire. Na ƙullin ma a sa a ciki, Alhaji, likita ba zai gaya wa liman ba.